Sansani a Bakin Ganuwa: Tarihin Kalmar "Beleaguered" da Kayan da Take Ɗauke da Su

Duk ma'aikacin da aikinsa ya haɗa shi da karatun jaridun Ingilishi, ko ɗalibin da yake sauraron labarun duniya da Turanci, ba zai rasa cin karo da kalmar "beleaguered" ba. Ana liƙa ta ga ministan da majalisa ta taso a gaba, ana liƙa ta ga kamfanin da bashi ya yi wa katutu, har ma ga mai koyar da 'yan ƙwallo idan ƙungiyarsa ta sha kashi sau uku a jere. Mai fassara a gidan rediyo, wanda aka ba minti goma ya juya labari zuwa Hausa, galibi yakan rubuta "wanda ke cikin matsala" ya wuce abinsa. Ba a ce ya yi kuskure ba, amma dai ya zubar da rabin kayan a hanya. Kalmar tana ɗauke da hoton gari mai ganuwa, da rundunar da ta kafa sansani a kewayensa, da mutanen ciki waɗanda hatsinsu yake ƙarewa suna ta hangen hanya ko gudummawa za ta iso. Wanda ya zaɓi wannan kalma kuwa ya riga ya nuna wa mai karatu inda zai tsaya, watau cikin ganuwa tare da wanda aka kewaye. Saboda haka ya kamata a bi sawunta tun daga inda ta fito.

Asalinta ba Ingilishi ba ne. Aro ce daga harshen mutanen Holan, inda ake da aikatau "belegeren". Tushensa shi ne "leger", wanda da fari yake nufin makwanci, daga baya ya koma nufin sansanin yaƙi, har ya zama sunan rundunar soja ita kanta. Ɗafin "be" da ke gaba yana ba da ma'anar kewayewa. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce a kafa makwanci a kewayen gari. Kalmar ta shiga rubutun Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16, kuma ba malamai ne suka shigo da ita ba. Sojoji ne.

A zamanin nan ƙasashen da yanzu ake kira Holan da Beljiyam suna ƙarƙashin Sarkin Sifen, Filib na Biyu. Mutanen ƙasar suka yi masa bore saboda haraji da kuma saɓanin addini, aka shiga yaƙin da ake ƙidaya shi daga 1568 zuwa 1648, shekara 80 ke nan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, cike da koguna da magudanan ruwa, ga garuruwa kusa da juna, kuma a cikin shekarun yaƙin aka yi ta kewaye su da sabon irin gini, gajeriyar ganuwa mai kauri wadda harsashin igwa yake nutsewa a cikinta maimakon ya rushe ta. A irin wannan ƙasa gwabzawa a fili ba ta cika yanke hukunci ba. Yaƙi ya koma haƙa rami da zama da jira.

Abin da ya faru a Leiden ya isa misali. A watan Mayu na 1574 rundunar Sifen ta komo ta kewaye garin karo na biyu. Ba ta wahalar da kanta wajen hawan ganuwa ba. Ta gina ƙananan sansanoni a kan hanyoyin ƙasa da na ruwa, ta zauna tana jiran yunwa ta yi mata aiki. Mutanen gari sun san abin da ya sami maƙwabtansu na Haarlem, waɗanda suka miƙa wuya a 1573 bayan wata bakwai, aka kuwa karkashe sojan da suka tsare garin, don haka suka ƙi buɗe ƙofa. Yunwa da annoba suka kashe dubbai. Madugun boren, Wiliyam na Oranj, ba shi da rundunar da za ta iya fasa zoben ta ƙasa, sai aka yanke shawarar da ba wanda zai yanke ta sai wanda ya rasa tudun dafawa: aka farfasa madatsun da suke tare ruwa, aka nutsar da gonakin ƙasar da gangan, domin jiragen ruwa su bi ta kansu su kai ga garin. Ruwan ya yi ta nawa, sai a farkon Oktoba iska ta juya ta koro shi. Mayaƙan Sifen suka tashi da dare, kuma ranar 3 ga Oktoba 1574 jiragen suka shiga da kifi da farin burodi. Har yanzu mutanen Leiden suna bikin wannan rana da cin waɗannan abubuwa biyu. A shekarar da ta biyo aka kafa wa garin jami'a, wadda daga baya ta yi suna a Turai wajen nazarin Larabci da tara littattafan Musulunci, abin da ɗaliban wannan fanni suka sani sarai.

Bayan da birnin Antwerp ya faɗa hannun Sifen a 1585, Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta ƙulla yarjejeniya da 'yan boren, ta aika musu da dubban sojoji. Samarin Ingila suka koyi yaƙi a ramukan Holan, suka komo gida da sababbin dabaru da sabon baki. Wani tsohon mayaƙi, Sir John Smythe, ya buga littafi a 1590 yana kukan abin da yake gani. Babban abin da ya dame shi shi ne an yar da baka da kibiya an rungumi bindiga, amma a ciki har da ƙorafin cewa waɗannan yara sun raina kalmomin yaƙi na iyayensu: ba sa kiran sansani da sunansa na gida sai da sunan Holan, kuma idan an kewaye gari ba sa faɗi da kalmar da aka gada, sai su ce an yi masa abin nan na mutanen Holan. Hukuma ta hana sayar da littafin jim kaɗan bayan fitowarsa, saboda zagin manyan hafsoshi da ke ciki. Baka da kibiya suka tafi, kalmar kuwa ta zauna. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin ta bakin soja ne bariki da kofur da saje da hafsa da fareti suka shigo, kuma babu shakka an sami dattawan da suka ji haushinsu a lokacin.

Kalmar gida da Smythe yake karewa, watau "besiege", ita ma baƙuwa ce wadda ta daɗe har ta zama 'yar gari. Tushenta "siege" daga Faransanci yake, ma'anarsa ta fari kuwa mazauni ko kujera, kuma har gobe haka Faransawa suke amfani da shi. Shi ma ya samo asali ne daga aikatau na Latin mai nufin zama. Daga wannan tushe na Latin ne Ingilishi ya sami kalmar da yake kiran tunanin da ya addabi mutum ya ƙi barinsa, watau "obsession", wadda asalinta zama a gaban gari ne don a tsare shi. Ashe ke nan kalmomin biyu abu ɗaya suke kallo. Ɗaya ta ce maƙiyi ya zauna, ɗaya ta ce ya kwanta. Babu wadda ta ambaci sara ko suka ko harbi. Abin tsoron da ke cikinsu shi ne haƙurin maƙiyi, wanda ya zo da tabarmarsa ba ya kuwa da niyyar tashi. Bahaushe yana da maganar da ta yi daidai da wannan, ita ce zaman dirshan, ko da yake an fi yin ta a kan mai bin bashi da ya tare a ƙofar gida.

Hausa ta kalli al'amarin ta wata fuska. Idan aka ce an yi wa gari ƙawanya, ko an yi masa zobe, siffar abin ake nufi, da'irar da ba ta da ƙofa. Kewayewa da tsarewa su ma haka. Tsawon lokaci bai fito a cikin waɗannan kalmomi ba kamar yadda ya fito a na Turai, kuma tarihin yaƙi a ƙasar Hausa yana iya bayyana dalili. Garuruwan an gina su ne da shirin zama cikin ƙawanya. Ganuwar Kano, wadda tarihin sarakunan garin ya ce an fara ta a zamanin Gijimasu, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da Dala da Goron Dutse da kududdufai da filayen noma masu yawa. Clapperton, wanda ya shiga birnin a 1824, da Barth, wanda ya zo a 1851, duk sun lura cewa gidaje ba su cinye ko rabin filin da ke cikin ganuwa ba. Garin da yake da gona da ruwa da rumbu a ciki yana iya jira. Wanda ba ya iya jira shi ne na waje, domin rundunarsa manoma ne, an fito da su da rani, kuma da hadari ya fara haɗuwa a gabas hankalin kowa ya koma gona. Ga dawaki suna bukatar ciyawa da hatsi, ga shi babu igwar da za ta rushe ganuwa. Don haka abin da aka fi yi shi ne a ƙone ƙauyukan kewaye, a kwashe dabbobi da mutane, a gwada hawan badala kwana ɗaya ko biyu, in ta ƙi a koma gida sai baɗi.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta nuna wannan. Bayan nasarar Tabkin Kwatto a 1804 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka matsa wa birnin, amma a ƙarshen shekarar Gobirawa da taimakon Azbinawa suka auka musu a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito an rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A shekarar da ta biyo, bayan karon Alwasa, sai ga masu ƙawanyar jiya an biyo su har Gwandu ana kai musu hari a gida, da ƙyar suka kore abokan gaba. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Shekara huɗu ke nan, amma ba shekara huɗu na zama wuri ɗaya ba, zuwa ne da komowa. Clapperton ya ga irin wannan da idonsa a 1826, sa'ad da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suke a lokacin. Aka wuni ana harbe-harbe a bakin ganuwa, ba a ci garin ba, rundunar ta juya. Malaman jihadi kuwa suna da abin tunawa da ya fi wannan tsufa, watau Yaƙin Gwalalo na shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da ƙungiyoyin Larabawa suka kewaye Madina, ramin da aka haƙa bisa shawarar Salmanu Bafarishe ya tsare su, har sanyi da iska da rashin jituwa suka watsa su ba su kai wata guda ba.

A koma ga kalmar Ingilishi. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmomin biyu suka raba aiki. "Besiege" ta ci gaba da zama ta rahoton soja, ana cewa wane ya kewaye gari kaza. Ita kuwa ta Holan sai marubuta suka ɗauke ta zuwa sha'anin zuciya. Mawaƙin Amurka Longfellow ya yi wata waƙa a 1839 wadda ya sa wa suna da wannan kalma, inda ya ɗauko almarar rundunar fatalwa da ta kewaye birnin Prag, ya mai da ita misalin tsoro da waswasin da suke kewaye ran mutum. Yau da wuya a ji Bature ya yi amfani da ita a matsayin aikatau mai nuna wanda ya yi aikin. Ta zama sifa, ana ɗora ta a gaban suna, kuma a nan ne dabarar take. Sifar ta faɗi cewa an kewaye wane, amma ba ta faɗi wanda ya kewaye shi ba, balle dalilin da ya sa. Masu ƙawanyar sun zama taro marar fuska, shi kuwa na ciki shi kaɗai ne mai suna da iyali da abin tausayi.

Zamanin da Ingila take mamaye ƙasashen duniya shi ne ya ba wannan hoto ƙarfinsa. Abin mamaki ne cewa daular da ta fi kowace yawan ƙasashen mallaka a ƙarni na 19 ba ta son wani labari game da kanta kamar labarin 'yan tsirarun Turawa da aka ritsa a wani lungu mai nisa. An yi na Lucknow a Indiya a 1857. An yi na Hartum, inda mayaƙan Mahadi Muhammadu Ahmad suka kewaye Janar Gordon daga Maris 1884 har zuwa 26 ga Janairu 1885, ranar da suka shiga birnin aka kashe shi, kwana biyu kafin jiragen gudummawa su iso. Mutanen Ingila suka ɗora wa Firayim Minista Gladstone laifin jinkiri. A labarin da aka koya wa yaran makaranta, Gordon ne abin tausayi. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da mutanen Sudan suka gani a mulkin Turkawa da Misrawa, wanda Gordon ya yi wa aiki, har suka bi Mahadi da dubbansu ba.

Na Mafeking, garin da yanzu ake kira Mahikeng a Afirka ta Kudu, ya fi kowanne bayyana yadda kalma take zaɓen wanda za ta rufa. Turawan Buwa suka kewaye garin kwana 217, daga Oktoba 1899 zuwa Mayu 1900. Da labarin ceto ya isa London sai jama'a suka cika tituna suna murna kamar sun zautu, kwamandan garin kuwa, Baden-Powell, ya zama gwarzo, shi ne ma daga baya ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut. Amma baƙaƙen fata da ke cikin zoben sun fi Turawan yawa nesa ba kusa ba. Akwai mutanen Barolong masu garin, waɗanda suka ɗauki bindiga suka tsare unguwarsu, akwai kuma 'yan gudun hijira da ma'aikatan ma'adinai da yaƙi ya ritsa da su. Da abinci ya yi ƙaranci rabonsu aka fi matsewa, aka tura waɗansu su fita ta tsakanin sansanonin abokan gaba, yunwa kuwa ta kashe da yawa. Wani saurayi tafintan kotun garin, Sol Plaatje, ya riƙa rubuta abin da yake gani kullum. Ba a buga rubutun nasa ba sai a 1973, shekara 73 bayan an gama murna.

Bayan Mafeking da shekara uku sai abin ya iso ƙasar Hausa, a nan kuwa Turawan ne a waje. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta tsaya a bakin ganuwar Kano, Sarki Alu yana Sakkwato da yawancin dawakinsa. Igwa ba ta iya da ganuwar kanta ba, sai aka fasa ƙofa, garin da aka gina don ya jure watanni ya faɗi a wuni guda. A Burmi, can ƙasar Gombe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya tsaya da masu hijira, an kore harin farko a watan Mayu, amma ranar 27 ga Yuli 1903 aka komo da ƙarfi, aka kashe shi da ɗaruruwan mutanensa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Mai Wurno zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garinsu yake har yau da sunansa. In ana neman mutanen da wannan sifa ta dace da su, waɗanda aka kewaye, aka fi su makami, ba su kuwa da gudummawar da za su jira, to ga su nan. Sai dai wanda yake riƙe da alƙalami a ranar yana bayan igwa ne, shi kuwa abin da ya gani masu taurin kai ne da aka je a ladabtar.

Tushen nan "leger" ya sake shiga Ingilishi ta wata ƙofa. A bakin Turawan Buwa, waɗanda harshensu ɗan na Holan ne, ya zama sunan zoben kekunan shanu da matafiya suke ɗaurewa su kwana a ciki, Ingilishi kuma ya are shi da siffar "laager". Ranar 16 ga Disamba 1838, a bakin kogin Ncome, mutum ƙasa da 500 a cikin irin wannan zobe suka harbe mayaƙan Zulu wajen 3,000, su kuwa ba su rasa ko mutum ɗaya ba. Jikokinsu suka mai da ranar ta zama ranar alkawari da Ubangiji, suka gina babban gini na tunawa a Pretoria wanda aka buɗe a 1949, aka kewaye shi da bango mai siffar kekuna 64. A lura da yadda ma'anar ta juya. A Holan sansanin na mai kewayewa ne, a Afirka ta Kudu kuwa na wanda ya kewaye kansa ne a cikin ƙasar da ya shigo ya ƙwace. Gwamnatin wariyar launin fata, daga 1948 zuwa 1994, ta rayu a kan wannan hoto. Tana da soja da 'yan sanda da arzikin ƙasa duka a hannunta, amma kullum tana gaya wa 'ya'yanta cewa su ne 'yan tsirarun da aka ritsa, kuma da wannan hujja take kare kowace dokar zalunci. Masu sukarta suka riƙa kiran wannan hali da tunanin zoben kekuna. (A Jamusanci tushen nan ya ba da sunan rumbun ajiya, da sunan giyar da ake kwantarwa a cikinsa, da kuma sunan sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane. Kalma ɗaya, makwanci iri-iri.)

Jamus kafin 1914 ita ma ta kamu da wannan ciwo, ko da yake kalmar da aka yi amfani da ita a nan daban ce, ita ce wadda Ingilishi ya fassara da "encirclement". Faransa ta ƙulla ƙawance da Rasha a 1894, ta sasanta da Ingila a 1904, sa'an nan Ingila ta sasanta da Rasha a 1907. Shugabannin Jamus suka dubi taswira suka ga zobe. Tsoron nan ba na banza ba ne ɗungum, domin ƙasar tana tsakanin manyan runduna biyu. Amma maganin da hafsoshinta suka shirya, watau a yi sauri a buge Faransa ta hanyar ratsa Beljiyam kafin Rasha ta kimtsa, shi ne ya jawo Ingila cikin yaƙin a watan Agusta 1914, zoben da ake tsoro ya rufe sosai. Wani ɗan guntun wannan yaƙi ya faɗo kusa da gida: a kan dutsen Mora, a arewacin Kamaru, wani hafsan Jamus mai suna von Raben da 'yan sojansa baƙaƙen fata suka jure ƙawanyar sojan Ingila da na Faransa daga 1914 har zuwa Fabrairu 1916, bayan sauran ƙasar duk ta faɗi.

Kada a ɗauka daga abin da ya gabata cewa kowane kukan ƙawanya ƙarya ne. Leningrad, wadda ta koma sunanta na Saint Petersburg a 1991, ta yi kwana 872 a cikin zoben sojan Jamus da na Finland, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944. A watan Nuwamba 1941 rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya sauko zuwa giram 125 a rana, kuma hanyar da ta rage ita ce ta kan ƙanƙarar tafkin Ladoga. Waɗanda yunwa ta kashe sun haura 600,000 ko a ƙidayar hukuma. Sarajevo ta yi kusan shekara huɗu a irin wannan hali, daga 1992 zuwa 1996. A Nijeriya ma, bayan faɗuwar Fatakwal a watan Mayu 1968, yankin Biyafara ya rasa hanyar teku, ya koma dogaro da jiragen da suke sauka da dare a filin Uli, yunwa kuwa ta kashe yara ba adadi. Jaridun Turai suka siffanta yankin da irin waɗannan kalmomi na gari a cikin zobe, kuma jami'an Gwamnatin Tarayya da aka tura ƙasashen waje su yi bayani sun tarar cewa duk hujjar da suka kawo game da haɗin kan ƙasa, sai ta yi karo da wannan hoto. Yunwar gaskiya ce, tambayar yadda aka kai ga yaƙin ita ma gaskiya ce, amma sifar ɗaya kawai take iya ɗauka.

Da wannan nauyi a bayanta ne kalmar take isowa teburin mai fassara, a ce an ɗora ta a kan wani shugaban hukumar da ake bincikensa kan kuɗin da suka ɓace. Hausa ba ta rasa abin da za ta mayar ba, sai dai kowane zaɓi da inda yake karkata. In aka ce yana cikin tsaka mai wuya, an faɗi halin da yake ciki ba a ɗora wa kowa laifi ba. In aka ce an taso shi a gaba, an nuna akwai masu korar, amma ba a ce sun yi zalunci ba. In aka ce an yi masa ca, an nuna yawansu da hayaniyarsu. In kuwa aka ce an yi masa taron dangi ko rubdugu, to an riga an yanke hukunci cewa an fi ƙarfinsa ne ba bisa adalci ba, kuma wannan ne ya fi kusa da abin da kalmar Ingilishi take raɗawa a kunne ba tare da ta faɗa da ƙarfi ba. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi a labarin yaƙi, inda ake fassara kewayewa da mamayewa, alhali garin da aka mamaye ya riga ya faɗi, wanda aka yi wa ƙawanya kuwa yana nan yana riƙe da ƙofofinsa. Lamirin "an" da "aka" na Hausa yana iya ɓoye mai aiki kamar yadda sifar Ingilishi take yi, saboda haka mai fassarar da ya ga dama yana iya bin sawun Baturen ya bar masu ƙawanyar ba fuska. Amma jimlar Hausa ta fi sauƙin buɗewa a sa mai aikin a ciki. Da zarar an rubuta cewa shugaban hukumar ne wanda masu binciken kuɗi da ma'aikatan da ba a biya albashinsu ba suka taso a gaba, mai sauraro ya ga waɗanda suke zaune a bakin ganuwar, ya kuma san abin da ya zaunar da su.